Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Jihar Katsina Kan Yaran Da Ake Haifa Da Ciwon Zuciya

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Katsina, Malam Dikko Umaru Raɗɗa, tare da sanar da Kwamishinan Lafiya da 'yan Majalisar Dokokin Jiha.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar girmamawa da addu'ar Allah ya taya ka riƙon wannan jama'a, na rubuto takardar nan ne da yawun iyayen yaran da aka haifa da ciwon zuciya a jiharmu. Mu ba ƙungiya ba ce mai rajista, ba mu da ofis, ba mu da hatimi. Bencin jiran likita ne ya haɗa mu har muka karɓi lambobin juna. A cikinmu akwai malamin makaranta irina, akwai mai faci, akwai manomi, akwai matar da ke riƙe da marayu. Wasu daga cikin birni suke, wasu daga Daura, Mani, Dutsin-ma, Malumfashi da Funtuwa. Abin da ya sa muka buɗe baki yanzu shi ne shekara tana zuwa tana wucewa, ana karanta kasafin kuɗi ana sa masa hannu, amma ba mu taɓa jin inda aka ambaci yaranmu a ciki ba. Hanyar da aka bar mana ita ce bara, kuma mun ga inda take kai mutum.

Bari in fara da yawan abin, domin akwai masu ɗaukarsa cuta ce da sai jefi-jefi. Likitocin duniya sun tabbatar da cewa cikin jarirai 100 da aka haifa, kusan guda ɗaya yana zuwa da tawaya a halittar zuciyarsa, kuma babu wata tawayar haihuwa da ta kai ta yawa. Cikin waɗanda suka zo da ita, kusan kashi ɗaya bisa huɗu suna buƙatar a yi musu aiki tun ba su cika shekara ba. Jiharmu ta haura mutum miliyan 5.8 tun a ƙidayar 2006. A ƙaddara haihuwa 100,000 kaɗai ake yi a shekara, alhali kowa ya san ta zarce haka nesa ba kusa ba, yara kusan 1,000 ke nan duk shekara. Ina suke? Kaɗan ne ake ganowa. Sauran ana binne su da sunan limoniya, ko tamowa, ko ciwon haƙarƙari, ko kawai a ce kwana ya ƙare.

Zuciya kamar gida ce mai ɗaki huɗu, da bango a tsakani da ƙofofi, don kada jinin da ya je huhu ya ɗauko iska ya cakuɗe da wanda bai je ba. Wani yaron akan haife shi da huda a bangon, ita ce mutane ke cewa rami a zuciya. Wani ƙofarsa ce ta tsuke. Wani kuma akwai wata jijiya da ke aiki lokacin da yake ciki, wadda ya kamata ta rufe da kanta 'yan kwanaki bayan haihuwa, sai ta ƙi rufewa. Akwai mai haɗa matsala huɗu lokaci guda, shi ne yaron da za a ga leɓensa da harshensa sun yi duhu, ya yi 'yar tafiya kaɗan ya tsuguna yana haki. Duk waɗannan an daɗe da sanin gyaransu. A 1938 aka fara ɗaure waccan jijiyar cikin nasara a Amurka, a 1944 aka fara yi wa masu duhun leɓe aiki. Mu ma nan Najeriya tun 1974 aka yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Asibitin Koyarwa na Inugu. A ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske, kusan tara cikin goma na waɗannan yara suna girma su zama manya. Don haka ba magani ne babu ba. Tsakanin yaron Katsina da maganin ne hanya ta yanke a wurare da dama.

Wuri na farko da take yankewa shi ne ganewa. Mafi yawan matanmu a gida suke haihuwa, a hannun ungozoma, kuma babu mai sa kunne a ƙirjin jariri kafin suna ko bayan suna. Alamomin kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Jariri ya kama nono ya ja sau biyu ya saki yana haki, gumi ya tsattsafo masa a goshi ko da sanyin hunturu ake yi, numfashinsa na sauri, ƙirjinsa na lotsawa, wata na wucewa nauyi ba ya ƙaruwa. Kaka za ta ce belu ne, a kira wanzami. Maƙwabciya ta ce iska ce, a nemo rubutu da hayaƙi. Mai kemis ya ce limoniya ce, ya haɗo allura ta kwana biyar. Ba na zargin kowa a cikinsu, kowa abin da ya sani ya yi. Abin da ya fi ciwo shi ne a kai yaro asibiti a kwantar da shi, a sallame shi, ya dawo da irin ciwon nan bayan 'yan makonni, a sake kwantar da shi, kuma babu wanda ya tsaya ya ce wannan maimaici yana da dalili. Haka aka yi ta yi da 'yata har ta kusa yaye, kafin wata likita ta daɗe da abin sauraro a ƙirjinta ta ce tana jin wani sauti da bai kamata ba. Ba wata na'ura ta yi amfani da ita ba a ranar. Lokaci ta ba yarinyar, kuma an koya mata abin da za ta saurara.

Akwai kuma wurin da muke da yaƙinin yaran nan suna ɓuya, wato cibiyoyin kula da tamowa. Yaron da zuciyarsa ke wahala ba ya ƙiba, don abin da ya ci a numfashi yake ƙarewa. Sai a rubuta shi a layin masu tamowa, a yi ta ba shi abincin leda, sa'o'insa su murmure a sallame su, shi yana nan jiya i yau. Jihar da tamowa ta yi wa katutu kamar tamu ta fi kowa buƙatar a ce duk yaron da ya ƙi murmurewa a duba masa zuciya.

Masu tsananin kuwa, waɗanda ke mutuwa tun cikin makon farko, akwai ɗan abin awo da ake maƙala wa jariri a hannun dama da ƙafa bayan ya kwana ɗaya a duniya, ya nuna yawan iskar da ke cikin jininsa. Ba ya huda fata, ba ya ɗaukar minti biyar, batir yake amfani da shi. Yana da muhimmanci a wurinmu fiye da wurin Turawa, domin duhun leɓe ba ya saurin bayyana a baƙar fata, sai abu ya yi nisa. Amurka ta sa wannan awo cikin jerin gwajin jarirai tun 2011. Da yawa daga cikin matanmu da suka haihu a asibiti ba su taɓa ganin an sa wa jariransu shi ba.

In an dace wani ya yi zargi, sai a ce a je a yi hoton zuciya, wanda ake kira eko. Nan ne wuri na biyu. Hoton zuciyar jariri ba irin na babba ba ne, yana son kan na'ura na musamman da kuma idon da ya ƙware a zuciyar yara. Iyaye daga Baure ko Sabuwa ko Ɗanmusa sai sun yi tattaki zuwa birnin Katsina, wasu a tura su Kano ko Zariya, su bi hanyoyin da Mai Girma ya fi mu sanin halin tsaronsu, ɗauke da yaron da ko kuka ya yi sai ya shiɗe. A je a ce likita ba ya nan sai wani makon, ko layi ya cika sai wata mai zuwa. Kuɗin mota, kuɗin kwana, kuɗin hoto. Akwai waɗanda daga nan suke juyawa gida, ba a sake jin labarinsu. Wani abin da gwamnati ya kamata ta lura da shi: hoton nan yana rage kashe kuɗi ma. Ƙananan huda da yawa suna rufewa da kansu, ba sa buƙatar wuƙa ko kaɗan, sai bibiya. Uban da ba a yi wa ɗansa hoto mai kyau ba yana iya sayar da gona a kan ciwon da zai warke da kansa, wani kuma ya zauna jiran wanda ba zai taɓa warkewa ba.

Sai babbar magana, kuɗin aiki. Duk wanda a cikinmu aka ce ɗansa na buƙatar tiyata, wajen jiha aka nuna masa: Abuja, Legas, Ile-Ife, Inugu, ko Indiya. Kuɗin miliyoyi ne ko a gida aka yi, domin kayan aikin daga waje ake shigo da su. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Takardar asibitin da ke cewa dala 10,000, a misali, ta tashi daga naira miliyan huɗu da rabi da ɗoriya zuwa sama da miliyan 15, ba tare da an ƙara ko zare ɗaya a aikin ba. Da can akwai ƙofar Sudan, inda cibiyar Salam da ke Khartum ke yin tiyatar zuciya kyauta tun 2007, sai yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya sa hanyar ta gagari talaka. Gidauniyar Nwankwo Kanu, ɗan ƙwallon da shi kansa aka yi wa aikin zuciya a 1996, ta taimaki yara da dama tun kafa ta a 2000, Allah ya saka masa. Amma gidauniya ɗaya ba za ta ɗauki nauyin ƙasa ba, layinta kuma dogo ne.

To me ya rage? A ɗauki hoton yaro ba riga, ƙasusuwansa a waje, a sa a Facebook da lambar asusu. A kai takarda gidan rediyo. A tashi bayan sallar Juma'a a yi shela. A bi ƙofar ɗan majalisa da ta kwamishina da ta attajiri, a wuni a zaure. Ranka ya daɗe, mutanen Katsina masu tausayi ne, na shaida haka, domin da gudummawar 'yan'uwa da abokan aiki da kuɗin filin da na gada aka yi wa 'yata aiki, yau tana makaranta tana guje-guje. Sai dai bara tana da nata zaɓen, kuma zaɓenta ba na likita ba ne. Wanda ya iya rubutu, ko yake da ɗan'uwa mai mabiya a intanet, ko ya san wani a gidan gwamnati, shi ke samu. Matar ƙauye da ba ta da waya, wadda ɗanta ya fi nawa buƙatar gaggawa, babu mai jin ta. Ga kuma 'yan damfara da ke kwafar hotunan yaranmu suna karɓar kuɗi da su, har masu bayarwa sun fara ɗari-ɗari da kowa.

Mafi munin aibin bara shi ne jinkiri, kuma wannan ciwo ba ya jira. Idan huda babba ce, jini yana kwarara cikin huhu da ƙarfin da ya wuce kima. Jijiyoyin huhun sai su yi ta kauri suna tsukewa, har su kai matsayin da ba sa komawa. Daga nan ko an kawo kuɗin duniya likita ba zai taɓa yaron ba, domin rufe hudar a lokacin kashe shi zai yi. Akwai wani bawan Allah a cikinmu, daga wani ƙauye a yankin Daura, da aka gano ciwon ɗansa yana goye. Ya sayar da shanun huɗarsa, ya yi shekaru yana tari, dangi suka haɗa, masallaci ya haɗa. Da kuɗin suka cika aka sake hoto don shirin tafiya, sai aka ce masa lokaci ya wuce. Yaron yana raye, ya kai shekarun shiga sakandare, ba ya iya zuwa rijiya ya dawo. Uban ya ce mana da an gaya masa tun farko cewa abin yana da wa'adi, da har gidan da yake ciki ya sayar. Babu wanda ya gaya masa.

Kafin aiki da bayansa ma akwai wahala, zan taƙaita. Magungunan rage ruwa a jiki da na sauƙaƙa wa zuciya aiki, na manya ne a kasuwa, uwa ce za ta raba ƙwaya huɗu da reza ta jiƙa a cokali, tana fatan ta yi daidai. Yaro ya shiɗe da dare a kai shi asibiti mafi kusa a tarar babu iskar oksijin, ko akwai na'urar babu wuta. Wanda aka yi wa aiki a Indiya ya dawo da takardu cike da jaka, ya rasa wanda zai ci gaba da duba shi kusa da gida.

Na san za a ce ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, kuma babu wanda ya kai uwar da ta binne ɗanta sanin ma'anar haƙuri. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta. Na kuma san za a ce zazzaɓin cizon sauro da gudawa da tamowa sun fi kashe yara, su ya kamata a fara da su. Gaskiya ne sun fi, ba mu ce a ɗebe ko kwabo daga can ba. Yawancin abin da za mu roƙa a kan waɗancan hanyoyin zai hau: ma'aikacin da ke awon tamowa, ungozomar da ke karɓar haihuwa, oksijin ɗin da mai limoniya ma ke buƙata.

Ga roƙonmu, Mai Girma. Ba mu ce a gina katafaren asibitin zuciya a kira manyan baƙi a yanke ƙyalle ba. Gini ba shi da wuya, mun ga gine-gine da yawa a ƙasar nan da na'urori a cikin kwali babu mai sarrafa su.

Muna roƙon a fara da ƙirga mu. A buɗe rajista ɗaya a Ma'aikatar Lafiya, duk yaron da aka tabbatar yana da wannan ciwo a shigar da shi, da irin ciwonsa da wa'adin da likita ya ɗiba masa. Gwamnati ba za ta iya ware kuɗi ga mutanen da ba ta san yawansu ba.

Muna roƙon a sa ɗan abin awon iskar jini na jarirai a kowane ɗakin haihuwa na gwamnati, da kuma aƙalla cibiyar lafiya ɗaya a kowace mazaɓa cikin mazaɓu 361 na jihar nan, a mai da awon wajibi kafin sallamar mai jego, da ranar da aka kawo jariri allurar farko. A koya wa ma'aikatan lafiya na matakin farko da ungozomomi alamomin da na lissafa, a ba su ƙa'ida a rubuce: yaron da limoniya ta maimaita masa, ko wanda ya ƙi ƙiba duk da kulawa, ko mai larurar Down (larurar haihuwa da ke jinkirta girman yaro da koyonsa), waɗanda kusan rabinsu ke zuwa da matsalar zuciya, a tura shi hoto ba tare da jira ba.

Muna roƙon a samar da na'urar hoton zuciya mai kan yara a kowace shiyya cikin shiyyoyi uku, Katsina, Daura da Funtuwa, da ranar asibiti tsayayya da iyaye za su sani. Akwai na'urori na tafi-da-gidanka yanzu, likita ɗaya zai iya zagaya manyan asibitoci da ita. Wannan ba zai yiwu ba sai da mutane, don haka jiha ta ɗauki nauyin horar da likitocin yara a fannin zuciya, da ma'aikatan jinya na ɗakin kulawa ta musamman, da masu sa barci, bisa yarjejeniyar za su dawo su yi aiki a gida, a kuma biya su abin da zai zaunar da su. Ribar ba ta yaranmu kaɗai ba ce. Da wannan na'urar ake gano ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba, wanda ke lalata 'yan makaranta da matasa.

Muna roƙon a ware asusu na musamman don tiyatar zuciyar yara, da layinsa a kasafin kuɗi, a ƙarƙashin hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta tanadi asusun marasa galihu, dokar lafiya ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ga zakka da waƙafi, ga attajiran jihar nan da za su fi sakin jiki su bayar idan sun ga tsari. Sharaɗin da muka fi damuwa da shi shi ne wannan: kwamitin likitoci ne zai tsara wanda za a fara yi wa, bisa tsananin ciwo da kusancin wa'adi, kuma a riƙa bayyana yawan waɗanda aka yi wa da abin da aka kashe. Ranar da katin ɗan siyasa ya fara tsallakar da yaro layi, mun koma bara, sai dai an sa mata riga.

Da wannan asusu jiha za ta iya ƙulla yarjejeniya da cibiyoyin cikin gida da ke yin aikin, a daidaita farashi a dunƙule, a daina barin kowane uba yana ciniki shi kaɗai da hawaye. Za ta iya kuma haɗa hannu da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a riƙa gayyato tawagar ƙwararru lokaci-lokaci, su yi aiki tare da likitocinmu don ilimin ya zauna. A fara da mai sauƙi. Ɗaure jijiyar nan da ta ƙi rufewa ba ya buƙatar injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu, kuma yaron da aka yi wa yakan warke sarai.

Muna roƙon a sa magungunan zuciya na yara, na ruwa masu ma'auni, cikin jerin waɗanda jiha ke saye, a ba masu rajista kyauta. A tsaya kan rigakafin haɗin ƙyanda da rubela (cuta mai ƙuraje kamar ƙyanda) da aka fara bayarwa a ƙasar nan a 2025, domin rubela idan ta kama mai sabon ciki tana taɓa zuciyar jariri da idonsa da kunnensa. A riƙa auna sukarin masu ciki a wurin awo, shi ma yana cikin dalilai.

Ga iyayenmu sarakuna, Mai Martaba Sarkin Katsina da Mai Martaba Sarkin Daura, Allah ya ja zamaninsu, muna roƙon Mai Girma ya nemi goyon bayansu kamar yadda aka yi a yaƙi da shan inna. Babu sunan da ake raɗawa a unguwa ba da sanin mai unguwa da liman ba. Idan suka saba tambayar uban jariri ko an kai shi awo, saƙon zai shiga gidajen da ma'aikacin lafiya bai taɓa takawa ba. Wanzamai ma a zauna da su, ba don a ci musu fuska ba, a nuna musu jaririn da bai kamata a sa masa aska ba.

A ƙarshe muna roƙon Mai Girma ya umarci Kwamishinan Lafiya ya zauna da wakilanmu tare da likitocin yara na jihar nan kafin a kammala kasafin kuɗi mai zuwa. Za mu zo da takardun hoton yaranmu da ranakun da likitoci suka rubuta a kansu. Wasu daga cikin ranakun sun rage 'yan watanni.

Allah ya taimaki Gwamna, ya ba jiharmu lafiya da zaman lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naka cikin girmamawa,
Wani uba, a madadin iyayen yara masu ciwon zuciya,
Katsina.